Rijiyar da Yayana Bai Gama Ba

Mu biyu muke haƙar rijiya, ni da yayana. Shi ke shiga, ni ke jan kwando, in ya gaji mu yi musanya. A fadamun Bungudu muka koyi aikin, inda ƙasa take da laushi, gaba huɗu ko biyar ka ga ruwa. Lokacin ƙasa tana hannun Turawa, an dai fara cewa za su tafi. Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban wuce abin salla ba. Dagi na sani, da igiya.

Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Kwatarkwashi, kuma ba mu da rijiya. Da rani mata kan tafi wani rafi da ya ƙafe, su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya taru, su kwashe shi da ludayi. Ba sa dawowa sai rana ta yi zafi. Yayana ya ce abin kunya ne, muna haƙa wa garuruwan mutane, namu matan suna fama da ludayi. Mai gari ya nuna mana wuri kusa da wata tsamiya, muka fara.

Jar ƙasa gaba biyu. Marmara gaba uku. Sai tsakuwa. A gaba ta tara dagi ya yi ƙara, ya dawo mana hannu. Mun iske dutse, shimfiɗaɗɗe, ya cika gindin ramin kaf. Ba mu taɓa gamuwa da dutse a fadama ba. Amma mun taɓa jin cewa masu haƙa a ƙasar duwatsu wuta suke hura masa, in ya yi zafi su kwara masa ruwa ya tsage. Iyakar abin da muka ji ke nan.

Muka zuba itace, muka jefa garwashi, wuta ta ci wuni guda. Da la'asar muka kwara ruwa tulu shida, muka ji dutsen yana tas, tas, daga ƙasa. Washegari da safe babu ko alamar hayaƙi. Yayana ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka yana waƙa. Na ji ya kai ƙasa. Na ji ya kwance igiyar. Ya ɗaga murya ya ce, "Ya tsage!" Daga nan ban sake jin komai ba.

Na kira shi sau uku. Na ba mutane igiya, na sauka da gudu, na iske shi zaune ya jingina da bango kamar mai hutawa. Na ɗaure shi, na yi ihu a ja. Yadda ni na fito ban sani ba. An ce a bakin ramin na faɗi. Shi kuwa ko da aka fito da shi ya cika. Babu rauni a jikinsa, ko ƙwarzane.

Mutane suka ce tsamiyar tana da mai ita, mun ƙona masa gida, ya rama. Aka rufe bakin ramin da ƙaya. Ni ma na yarda.

Bayan nan na lalace. Rumbu na kasa shiga in ɗebo hatsi. In na leƙa babbar randa, sai in ja da baya. Mutum mai shekara ashirin da biyar, da gemu. Na bar garin na tafi Gusau, na shiga dako a tashar jirgin ƙasa, ina ɗaukar buhunan gyaɗa da na auduga. Aikin ya yi mini, don duk a sarari ake yin sa, sama a buɗe.

Amma akwai abin da ya ƙi barina. Kwana uku na yi da ciwon kai bayan na fito daga ramin, irin wanda mutum ke yi in ya kwana ɗaki rufe da kaskon wuta. Me ya haɗa aljani da ciwon kai? Kuma lokacin da nake ɗaure yayana na ga ƙadangare biyu a mace kusa da ƙafarsa. Su me suka yi wa mai tsamiyar? Ba su suka hura wutar ba. In ni ma na hura, me ya sa aka bar ni? Ina ɗauke da buhu ina wannan lissafi. Na tambayi malamin da ke ja mana salla, ya ce ajali ne, kuma gaskiya ya faɗa, amma ba abin da na tambaya ba ke nan. Na tambayi wani mai zuba gawayi a kan jirgi, ya ce shi wuta ya sani, rami bai sani ba. A ƙarshe wani ɗan dako ɗan'uwana ya gaji da ni, ya ce akwai wani tsoho a Tsafe da ya ƙare rayuwarsa yana fasa dutse cikin rijiya, in je in dame shi, in bar su su ci tuwo. Na ji, ban je ba. Ina son amsar, ina kuma tsoronta.

Shekara ta zagayo, bazara ta shigo. Wata rana ina sauke buhu sai ga matar yayana tsaye a bakin tasha, ta biyo ayarin masu jakuna. Ba ta sake aure ba, tana gidanmu da 'ya'yansa uku. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

Ta ce, "Mai gari ya ce za a cike ramin. Akuya biyu sun faɗa. Ruwan farko na sauka za a zuba ƙasa."

Na ce, "To a cike."

"Awo, a cike. Ni dai tambaya nika yi. In ɗiyanshi sunka girma sunka ce ina ubanmu ya mutu, rijiya zan ce musu ko rami?"

Na sunkuya na ɗauki buhuna.

Ta ce, "Ka yi ƙiba, ƙanin miji. Gusau ta karɓe ka. Mu muna can muna tonon yashi." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Kashegari na hau bayan motar kaya zuwa Tsafe.

Na sami tsohon a inuwa ƙofar gidansa, yana tufkar igiyar rama, ya miƙe ƙafa guda da ba ta lanƙwasuwa. Dutse ne ya faɗo mata tun da daɗewa. Na gaya masa komai, har ƙadangarun. Bai bar tufkarsa ba.

Ya ce, "Wa ya koya muku wuta?"

"Ji munka yi, Baba."

"Rabin magana kunka ji. Kwana nawa kunka bari kafin shiga?"

"Ɗaya."

Ya ajiye igiyar, ya dube ni. Ya ce, "Allah shi jiƙan yayanka. Aljannu akwai su, ba ni musu. Amma wanga ba aikinsu ba ne."

"To aikin wa ne?"

"In na faɗa maka da baki, kunnenka zai ji, ƙafarka ba za ta ji ba. Nemo jaki. Kuma ka sani, ni ba ni shiga, ƙafar ta ƙare. Kai za ka shiga."

Ban ce zan shiga ba. Na dai nemo jakin.

Kwana biyu muka yi a hanya. Mai gari ya ce bai hana ba, amma maganarsa tana nan, ruwan farko na sauka a cike. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma, ya tsaya ya koma.

Muka janye ƙaya. Tsohon ya sa aka sake zuba itace da igiya, aka jefa garwashi, aka yi duk yadda muka yi bara, har kwara ruwan. Ya ce dutsen dama yana son wuta ta biyu, kuma yana so in ga abin da idona. Washegari da safe gari duka ya taru, amma daga nesa. Babu hayaƙi. Ramin shiru, kamar waccan safiyar.

Ya ce, "Za ka ce akwai wani abu ciki?"

Na leƙa da ƙyar. Na ce, "Babu."

Ya kunna fitilar aci-balbal, ya sa ta cikin ƙoƙo, ya ɗaura zare, ya ce in zura a hankali. Gaba ɗaya, biyu, uku, tana ci. A ta shida harshen wutar ya ƙanƙance. A ta bakwai ya mutu, kamar an sa yatsa an danne, alhali babu iska ko ta kaɗa gashi. Na jawo, na kunna, na sake zurawa. Nan dai ta sake mutuwa, wuri ɗaya. Sau huɗu na yi. Tsohon bai hana ni ba. Abin ya ɗaure mini kai har na manta tsorona.

Sai ya ce a kawo kaza. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana da wata baƙa mai yawan shiga gidan mutane, aka kamo ta. Tsohuwar ta biyo baya tana faɗa.

"Tawa za ku ba mai tsamiya? Duk garin ga kajin sun ƙare?"

Tsohon ya ce, "Inna, aro ne. Leƙawa za ta yi ta dawo."

"Wa ya ce maka Inna? Da furfurarka! Ka girme ni, gurgu."

"To amarya, ki yi haƙuri."

Mutane suka yi dariya, suka ɗan matso. Aka sa kazar cikin kwando, na zura. Tana ta kuka har gaba ta bakwai, sai ta yi shiru. Ya ce, "Ja! Maza!" Na ja. Ta fito wuya ya langaɓe, ido a lumshe, baki buɗe. Aka yayyafa mata ruwa, aka yi mata fifita, can ta miƙe tana tangaɗi kamar ta sha giya.

Tsohon ya ce, "Ga abin da ya iske yayanka. Wuta tana cinye iskar kirki, ta bar wata mai nauyi, ba a ganinta, ba ta da wari. Tana kwance a ƙasa kamar ruwa cikin tulu. Kuma kamar ruwa ake kwashe ta."

Ya sa aka saro rassan marke masu ganye, aka ɗaure su dami guda a igiya. Muka yi ta zurawa muna ja, zurawa muna ja, kwana uku, safe da yamma. Kowace safiya in zura fitila in ga inda za ta mutu. Ranar farko gaba bakwai. Ta biyu takwas. Ta uku ta sauka har kan dutse tana ci, ina hango ta ƙarama can ƙasa. Kazar ma ta sauka ta jima, ta fito tana neman saran hannuna.

Na fahimta sarai. Da wani ne zai shiga, da ni zan ce masa babu komai.

Aka ɗaura mini sabuwar igiya, wadda tsohon ya tufka da hannunsa. Mutum huɗu suka riƙe. Na yi bisimilla na sauka. Gaba ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu na ɗaga kai, na ga bakin ramin ya koma kamar faifai. Hannuwana suka ƙanƙame igiya, ƙafafuna suka ƙi neman ramukan takawa. Na yi ihu a ja ni. Aka jawo ni gaban gari duka, gaban matar yayana. Wani ya ce, "Mai wurin ne ya taɓa shi." Mutane suka watse.

Na zauna bayan tsamiyar. Tsohon ya jawo ƙafarsa ya zo ya zauna kusa da ni, ya ɓare goro, bai ba ni ba.

Ya ce, "Da wa kaka magana can ciki?"

"Ba kowa."

"Ƙarya. Bakinka na motsi, ina kallo. Mi kaka cewa?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in tuna, ba ya sauri. Na zauna ina bin abin daki-daki, sai na gane gaskiya ne. Akwai mai magana a cikin kaina, da muryata yake yi, kuma shekara guda ke nan yana yi ban taɓa tsayawa na saurare shi ba. Maganarsa uku ce kawai. Iska ta ƙare. Ba za su ja da wuri ba. Yadda aka fito da shi haka za a fito da kai. Na faɗa wa tsohon.

Ya ce, "To. Fitilar ta mutu yau?"

"A'a."

"Kazar amaryata hwa?"

"Ga ta can tana tonon juji."

"Da ka ce a ja, an ja ko ba a ja ba?"

"An ja."

"Rijiya nawa ka shiga duniya?"

Ban taɓa ƙirgawa ba. Na ɗauki tsakuwa ina ajiyewa, ina kiran garuruwan, ta Nahuce, ta bakin kasuwa, ta Fulanin da suka ba mu nono har muka ƙoshi. Tsakuwa talatin da ɗaya.

Ya ce, "Duka ka fito da ƙafarka. Har wagga, ka fito. Wancan na cikin kanka labari guda ya riƙe, shi yaka maimaita maka. Ba a iya rufe mashi baki, na gwada shekara arba'in. Amma ana ba shi amsa. Gobe in ya ce, kai ma ka ce, da ƙarfi, in ji ka daga sama. Abin da idonka ya gani za ka faɗa, ban da ƙarya, yana gane ƙarya. In amsa ta ƙare maka, ka gaya mini wa zai fara jan ruwa rijiyar ga, da mi za ta ce."

Na ce, "Baba, mutane za su ce na haukace."

"Sun riga sun ce. Ka huta da wannan."

Da safe hadarin gabas bai koma ba, yana nan tsaye. Fitila ta sauka ta ci. Kaza ta sauka ta fito. Aka ɗaura mini igiya. Wannan karon ina so in ji ko na cikin kaina zai yi maganar a wuri ɗaya, kamar fitilar. A gaba ta huɗu kuwa sai ga shi. Iska ta ƙare.

Na ce da ƙarfi, "Fitila ta ci har ƙasa, na gani!" Muryata ta bugi bango ta dawo mini.

Daga sama tsohon ya ce, "Awo! Mi ka taka?"

"Marmara."

"Sauka."

Ba za su ja da wuri ba. Na ce, "Jiya sun ja, har sun goge mini gwiwa!" Na ji masu igiya suna dariya. Ƙafata ta sami rami na gaba da kanta.

Gaba ta shida. Yadda aka fito da shi. Wannan ta fi nauyi, na ɗan tsaya. Na ce, "Talatin da ɗaya. Duka na fito." Ya sake cewa. Na sake cewa. Amsa ta ƙare mini, sai na kama ɗaya dabarar. Na ce, "Baba, matar yayana za ta fara ja!"

"Da wane guga?"

"Na aro! Ba ta da shi!"

Na ji muryarta daga sama, ashe tana nan. "Ƙarya kaka yi, na ɗinka nawa tun bara!"

Na ce, "Mai kaza za ta ce ita ya kamata ta fara, don kazarta ta riga kowa shiga!"

Tsohuwar ta ce, "To da ƙarya ne?"

Ina ganinsu a raina sarai, bakin rijiya jiƙe, laka, tuluna a jere, su biyu suna ja-in-ja a kan igiya, awaki suna lasar ƙasa. Ina cikin kallon wannan ƙafata ta taka dutse. Ban san lokacin da na wuce ta bakwai da ta takwas ba.

Na tsaya ina numfashi. Na ja iska, ta shiga, ta fita. Warin toka ne kawai da sanyi. A jikin bango, inda ya jingina, dagin yayana yana nan, wuta ta cinye ƙotar, ƙarfen ya yi baƙi. Na sa shi a kwando na ce a yi masa sabuwar ƙota. Da shi na gama aikin.

Dutsen ya tsattsage, amma yana da kauri. Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɓamɓara, aka ƙara wuta sau ɗaya, aka jira kwana uku ana zura ganye, ni kuwa ina kallon gabas. Kowace safiya fitila, kaza, sannan ni. Kowace safiya a gaba ta huɗu mai maganar yana jirana. Na lura in na kwana da yunwa ya fi surutu. In na fara ba shi amsa tun kafin ya buɗe baki, a takaice yake yi. Har yau da na tsufa ban san ko wane ne ba, kuma bai taɓa fashi ba a duk rijiyar da na shiga bayan nan.

Rana ta goma sha biyu dagi ya faɗa wuri mai laushi. Na zaro shi, bakinsa da jiƙaƙƙen yashi. Na tona da hannu. Ruwa ya taso a hankali, ya rufe mini yatsun ƙafa, ya kai idon sawu. Ban yi ihu ba. Na cika ƙoƙon fitilar, na sa a kwando, na ja igiya sau biyu.

Da na fito mai gari yana nan. Ya dubi ƙoƙon, ya dubi hadari, ya ce a nemo itacen da za a gitta a bakin, a ɗaga shi da laka saboda awaki. Kwana huɗu bayan nan ruwan farko ya sauka.

Da ruwan rijiyar ya kwanta, matar yayana ta zo da gugan da ta ɗinka, da 'ya'yan uku a bayanta. Mai kaza ta yi faɗanta, aka bar ta ta yi. Matar yayana ta zura, ta ja, ta kurɓa, ta juya shi a baki.

Ta ce, "Yana warin toka."

Na ce, "Zai bari."

Ta ba yaran suka sha ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna musu bakin da hannu, ta ce, "Ku duba da kyau. Rijiyar ubanku ce." Sannan ta cika tulunta, ta ce in ɗora mata.